Tsakanin Ƙafa da Ƙanƙara

A Damagaram inda aka haife ni, ƙanƙara iri biyu muka sani. Akwai wadda takan zubo tare da ruwan damina, mu yara mu fita da gudu muna tsinta muna jefawa a baki kafin ta narke, manya kuwa suna salati saboda shuka. Akwai kuma ta azumi, wadda ake saye a ƙulle cikin leda gab da magariba. Kalma ɗaya ce ta ɗauke su duka biyun, ita ce kuma aka ƙara wa “dusa” a gaba aka ce dusar ƙanƙara, domin a kira abin da yawancinmu ba mu taɓa takawa ba. Saboda haka sunayen da za ka gani a nan, irin su allon zamiya da dakali da gada, aro na yi daga gida na liƙa wa kayan wasu mutane. Ɗalibin da ya sami waɗanda suka fi su dacewa ya canza, ba zan ji haushi ba.

Karatun injiniya ne ya kai ni Giranobul ta ƙasar Faransa a 2015. Gari ne da duwatsu suka yi wa zobe, duk titin da ka miƙa sai ka ga dutse ya tare ƙarshensa. Tafiyar kimanin kilomita 30 daga garin akwai Shamrus, inda aka yi tseren gangare na gasar Olimfik ta hunturun 1968, ƙololuwarsa kuwa ta kai wajen mita 2,250. Hunturun farko ban je ba, na ce wanda ya tsira daga sanyi ba ya bin sa har gida. A na biyu kaɗaici ya fi ƙarfina, na bi ƴan ajinmu, na yi hayar allo, na wuni ina faɗuwa a kan ɗuwawu. Ban san abin da ya mayar da ni mako na gaba ba, amma na koma.

Allon zamiya falanki ne guda, tsawonsa ya kusa kai haɓar mai shi, ana ɗaure ƙafafu biyu a kansa mutum ya tsaya a karkace. Cikinsa katako ne da aka lulluɓe da zaren gilashi, gefunansa biyu an bi su da siririn ƙarfe mai kaifi. Idan ka kwantar da shi ka dube shi daga sama, za ka ga kai da wutsiya sun fi tsakiya faɗi, ƙugunsa a tsuke kamar na kalangu, ko da yake bai kai kalangu tsukewa ba.

Hanya biyu ake juya shi. Ta farko na kira ta shara: ka tura wutsiya gefe, allon ya goge ƙanƙarar a kwance, ya bar sawu mai faɗi kamar an bi wurin da tsintsiya. Kowa da ita yake fara koyo, da yawa kuma a kanta suke tsufa. Ta biyu ita ce yanka. A nan ba ka tura komai. Karkata allon kake yi ya tsaya a kan kaifinsa, kuma da yake ƙugun a tsuke yake, kai da wutsiya ne kaɗai za su taɓa ƙasa da farko, tsakiyar tana rataye. Nauyinka ne zai danna tsakiyar har ita ma ta taɓa, a lokacin allon ya zama baka, wannan bakan kuwa shi ne hanyar da zai bi. Wutsiya takan bi ta ainihin wurin da kai ya bi, sai a bar sawu siriri kamar an ja wuƙa a kan ƙwarya. Gwargwadon yadda ka karkata allon, gwargwadon yadda zai ƙara lanƙwashewa, kwanar ta ƙara matsewa. Lissafin ba shi da wuya: allon da aka yanka ƙugunsa bisa da’ira mai nisan mita 12 daga cibiya zuwa baki, idan aka karkata shi digiri 60 a kan ƙanƙara mai tauri, kwanar da zai yi za ta koma wajen mita 6.

A nan ɗalibi zai iya tsayawa ya dubi fi’ili ɗaya da ya fito da kama uku. Na lanƙwasa allo, wato ni na yi aikin. Allo ya lanƙwashe, wato halin da ya shiga ke nan. Allo yana lanƙwasuwa, wato yana karɓar aikin, ba ya gardama. Duk rigimar da zan ba da labari a kan na ukun take.

Matsalata ta farko ƙafa ce. Takalmina lamba 46 ne, allon da na saya na hannu kuwa faɗin ƙugunsa santimita 25, don haka yatsu da dunduniya suna leƙowa waje ta kowane gefe. Muddin shara nake yi babu abin da ya dame ni. Ranar da na fara yanka da gaske, na jingina har na ga ƙanƙara kusa da fuskata, sai kawai na ji allon ya kuɓuce, na tafi a kan ciki kamar kadangare har wajen mita ashirin. Na sake, aka sake.

Akwai wani dattijo da nakan gani kullum da sassafe, shi kaɗai, da dogon allo siriri da takalman roba masu tauri. “Mushe” nake ce masa, yadda muke kiran malaman lakwal a gida. Ban taɓa gaya masa abin da kalmar ke nufi a bakin mahauta ba. Ranar ya tsaya, bai tambaye ni ko na ji ciwo ba, ya ce in bi shi mu hau da ƙafa. Ya nuna mini sawuna: layi siriri mai kyau, sannan a gefensa wani ɗan kwari ya ɓullo, daga nan layin ya ɓace. Ya ce, “Yaro, wannan ramin yatsunka ne. Takalminka ya taɓa ƙasa, ya ɗaga kaifin sama. Ko ka sayi allo mai faɗi, ko ka ƙara karkata ƙafafunka, ko ka hau sama.”

Hawa sama shi ne abin da na kira dakali. Faifai ne mai kauri, na roba mai tauri ko na alminiyom, da ake sawa tsakanin allo da maɗaurin takalmi, kowace ƙafa da nata. A daren na zauna da takarda. Idan takalmi ya leƙo santimita 2 kuma tsayinsa daga ƙasan allo santimita 2 ne, zai taɓa ƙasa da zarar an karkata allon digiri 45. Idan aka ƙara dakali mai santimita 2, tsayin ya zama 4, sai an kai wajen digiri 63 kafin ya taɓa. A zahiri yakan taɓa kafin haka, domin kaifin yana nutsewa cikin ƙanƙarar, amma bambancin yana nan. Na sayi dakalai biyu masu araha, faɗuwar nan ta yatsu ta ƙare.

Sai dai dakali bai tsaya a kan aikin da na ɗauke shi ba. Na farko, na ji allon ya fi saurin miƙa wuya idan na jingina, kamar yadda hauya mai doguwar ƙota takan fi shiga ƙasa da ƙaramin ƙoƙari. Tare da haka sauyawa daga wannan kaifi zuwa wancan ta ƙara ɗan jinkiri, kamar mutumin da ya saba da jaki aka ɗora shi a kan raƙumi. Wannan na saba da shi cikin kwana biyu. Na biyun ne ya fi ba ni aiki kafin in gane shi. Dakalina shimfiɗaɗɗe ne, ba ya lanƙwasuwa ko kaɗan, an kuma ɗaure shi tamau da notina huɗu. Duk inda ya kwanta, ya hana allon da ke ƙarƙashinsa motsi. Maimakon baka guda mai santsi, sai allon ya zama gaɓa-gaɓa: kai ya lanƙwashe, ƙarƙashin ƙafar gaba a miƙe, tsakiya ta lanƙwashe, ƙarƙashin ƙafar baya a miƙe, wutsiya ta lanƙwashe. A dusa mai laushi ba a jin komai. A daskararriyar safiya kuwa kaifin ba ya danna ƙasa daidai wa daida, wani wuri ya ciza, wani wuri ya saki, allon ya dinga karkarwa a tsakiyar kwana. Masu ƙera dakalai na kirki sun san wannan, shi ya sa sukan rage faɗin gindin, ko su shimfiɗa roba mai laushi a ƙarƙashi don allon ya sami wurin motsi. Nawa ba su da ko ɗaya.

A huntu na uku na bi sawun dattijon na koma kan allon tsere. Shi siriri ne, ƙugunsa wajen santimita 20, ana hawansa da takalmi mai tauri, ƙafafu a karkace sosai suna kallon gaba. Wannan reshe na wasan tsohon zance ne a Faransa. Lokacin da allon zamiya ya fara shiga Olimfik a Nagano ta Japan a 1998, Bafaranshiya Karin Rubi ce ta ci zinare a tseren mata. Tun daga 2002 aka mayar da tseren na mutum biyu kafaɗa da kafaɗa. A Turin a 2006 wasu ƴan’uwa biyu daga Suwizalan, Filif da Simon Shok, suka haɗu a zagayen ƙarshe a kan alluna ƙirar Kessler, ƙanen ya ɗauki zinare, wan ya ɗauki azurfa. A wajejen 2010 kuma wani abu ya zama ruwan dare a ƙarƙashin ƙafafun ƴan tsere, shi ne abin da na kira gada.

Gada faranti ne guda dogo wanda ƙafafu biyu suke tsayawa a kansa tare. Ba ya kwanciya a jikin allo. A wuri biyu kawai yake taɓa shi, gaba da baya, kamar kadarkon da ya dafa gaɓa biyu na kogi ruwa yana wucewa ta ƙarƙashi. Wanda ya taɓa riƙe baka zai gane matsalar da maƙeran suka warware. Idan baka ya lanƙwashe, bakunansa biyu sukan matso kusa da juna. Da a ce sanda ce aka ƙusance a maimakon tsirkiya, bakan ba zai motsa ba, ko kuwa wani abu ya karye. Haka allo yake: idan ya lanƙwashe a kwana, wuraren biyu da gada ta dafa sukan matso da milimita kaɗan. Don haka aka sa ƙafa ɗaya ta gadar tana juyawa a kan sandar ƙarfe kamar ƙyauren ƙofa, ɗayar kuma tana juyawa tana kuma zamewa gaba da baya cikin ɗan kwari. Allon ya sami ƴancinsa, ya lanƙwashe baka guda daga kai har wutsiya, mahayin kuma yana tsaye a kan abin da bai lanƙwashe tare da shi ba. Har nisan da ke tsakanin ƙafafun gadar ana iya matsawa, kuma da yake ta nan kaɗai nauyi ke shiga allon, matsawar takan canza inda zai fi lanƙwashewa.

A watan Fabrairun 2018 na kalli Esta Ledetska ta ƙasar Cek a gasar Koriya ta Kudu. Ta ci zinare a kan takalman zamiya biyu da tazarar kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, bayan mako guda ta hau allo ta sake cin wani. Na dinga maimaita hoton a hankali ina kallon ƙarƙashin ƙafafun ƴan tseren: allo yana rawa a kan gargada, gwiwoyi kuwa shiru. A makon na ga tallan wata gada ta hannu, yuro 300. Da kuɗinmu ya kusa jaka 197. Kuɗin suna nan a ajiye, amma ba nawa ba ne, na gyaran rufin ɗakin Inna ne da na yi alkawarin aikawa kafin ruwa ya sauka. Na ce wa kaina damina da sauran wata huɗu, ga aikin wanke kwanoni da nake yi da dare, zan mayar. Na saya.

Safiyar farko ta yi daɗi har na tsorata. Injin gyaran gangare ya bar ƙanƙarar da ƙananan kunyoyi, babu kowa. Karkarwar da na saba ji a tafin ƙafa ta ɓace, kamar ka sauka daga amalanke ka shiga mota mai sabon shokozoba. Allon ya riƙe ƙasa a wurin da dā yake saki, na kuma yi gudun da ban taɓa yi ba, ban ma san ina yin sa ba sai da iska ta sa hawaye suka cika mini tabarau. Wannan kansa haɗari ne, domin ƙafa ita ce take ba mutum labarin ƙasa, gada kuwa tana tace labarin kafin ya iso.

Abin da ban lissafa ba shi ne murɗa. Allo ba lanƙwasuwa kaɗai yake yi ba, yana kuma murɗuwa. Mahayi yakan danna yatsun ƙafar gaba ya ɗaga na baya, allon ya murɗe kaɗan kamar ana matse wanki, kaifin gaba ya kama yayin da na baya ya saki. Da wannan ake juyawa a hankali, da shi ake ratsa cunkoso, da shi ake tsayawa a layi. Shekara biyu ina yi ban san ina yi ba. Gada mai tauri ta haɗe ƙafafun biyu a kan faranti guda, duk murɗar da na yi a jikinta take ƙarewa, kaɗan ne ke isa allon. Ga ƙarin nauyi da ya kusa kilo biyu, ga ƙarin tsayi. Wajen azahar, da mutane suka cika kuma dusar ta tattaru tsibi-tsibi, na biyo wata ƴar siririyar hanya da ke kaiwa wurin hawa kujerun waya. Wata yarinya ƙarama ta faɗi a gabana. Gudun da nake yi bai fi na mai keke a kasuwa ba. Na murɗa ƙafa in kauce yadda na saba, allon ya ƙi, ya miƙe abinsa. Na jefar da kaina gefe don kada in hau ta, na sauka a kan hannun dama. Yarinyar ta tashi tana dariya. Ni kuwa ƙashin wuyan hannuna ya tsage.

Mako shida hannu yana cikin filasta, kuma ba a wanke kwano da hannu ɗaya. Da Afrilu ya shigo dole na kira gida. Inna ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na faɗi abin da na saya. Ta yi shiru, sannan ta ce, “Kai wannan, shi katakon ba ya tafiya ne sai an ɗora masa wani katakon?” Na ce yana tafiya, Inna. Ta ce, “To, Allah ya sawwaƙe. Hannun fa?” Ba ta sake ta da maganar rufi ba, ni kuwa da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Sai ƙarshen Yuni na iya aika kuɗin, bayan ruwa biyu sun riga sun sauka. Ƙanwata ce ta gaya mini daga baya cewa a ɗakinta Inna ta kwana a waɗannan darare.

Da hunturu ya dawo na tarar da dattijon a wurinsa. Ya ɗaga allona, ya danna gadar da tafin hannu, ya duba ƙafar da ke zamewa, ya ce an ƙera ta da kyau. Sannan ya ce, “Wannan an yi ta ne don mutumin da ke gudu tsakanin tutoci a kan hanyar da mutum arba’in suka riga suka farfasa. Kai da wa kake tsere?” Ya sa na cire ta. Wata biyu ya sa ni ina yanka a gangare mai sauƙi da allo tsirara, hannuwa a baya, har na koyi jin lokacin da kai ya kama da lokacin da wutsiya ta saki. Shi kansa ba ya hawa gada. Ƴar roba ce kawai mai kauri kamar yatsa a ƙarƙashin maɗauransa, saboda gwiwoyinsa, in ji shi.

Ban yarda da shi gaba ɗaya ba, har yanzu. Ra’ayina shi ne mai babbar ƙafa da ke son yanka yana da hujjar sa dakali tun da wuri, in dai ya zaɓi mai ƙaramin gindi ko mai roba a ƙasa, ko da yake allo mai faɗi ya fi zama magani na asali. Gada kuwa ba ta ƴan tsere kaɗai ba ce kamar yadda dattijon ke gani. Wanda gwiwarsa ta gaji da gargada, wanda kuma yake fita da sassafe kan ƙanƙara mai tauri kafin jama’a su zo, zai ci moriyarta, musamman irin mai ɗan laushi da ke barin murɗa kaɗan ta wuce. Abin da take buƙata shi ne fili da gudu, da mahayin da ya riga ya san abin da allonsa ke yi ba tare da ƙafa ta gaya masa ba. Ranar cunkoso ko ranar sabuwar dusa mai zurfi, kaya ce kawai.

Ban sayar da tawa ba. Wata safiya a ƙarshen Janairun 2019, bayan an yi narkewa da rana an kuma daskare da dare, na mayar da ita na ɗaure notinan. Na hau kujerar farko. Gangaren yana ƙyalli kamar tangaran, masu shara suna ta zamewa a kwance da ƙara mai tsaga kunne. Na sauka kwana goma sha ɗaya ba tare da wutsiya ta goce ko sau ɗaya ba, da na isa ƙasa kuma na kwance ƙafar baya tun da nisa, na tura allon a hankali har layi. Daga kan kujera na hango sawun, layi guda siriri yana lanƙwasa dama da hagu, na ɗauki hotonsa na aika wa ƙanwata ta WhatsApp na ce ta nuna wa Inna. Da yamma amsa ta zo. Wai Inna ta daɗe tana kallo, ta ce kunyar ta yi kyau, a tambaye ni me za a shuka a ciki.